Dogon hutu ya zo: a biya kuɗin lesin ko a bar yara su sha iska?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum iyaye. Don Allah shawara nake nema. Ranar Juma'a aka ba yarana hutu, sai cikin Satumba za su koma. Tare da sakamakon jarrabawa aka haɗo takardar lesin na hutu, N15,000 kowane yaro, sati huɗu, ƙarfe 9 zuwa 1. Uku gare ni a makarantar, 'yan biyu suna aji 4 na firamare, yayarsu tana JS2. Bara na biya. Abin da na gani kawai, sun ci gaba da tashin sassafe suna kuka, su dawo a gajiye, da la'asar su wuce Islamiyya. Da aka koma kuma aka maimaita musu abin da aka yi a lesin ɗin tun daga farko, saboda waɗanda ba su je ba. Bana babansu ya ce ni zan yanke. In na bar su a gida kuma na san sauran, rimot da waya da faɗa. Yaya kuke yi da naku, kuma ina za a iya kai su yawo?

Baban Auta: Wa alaikumus salam. Hajiya ki biya ki huta. Ni ba don karatu nake biya ba, Allah na gani, don in san inda suke nake biya. Yaro ya yi sati shida a gida, ko tulu ko gilashin tagar maƙwabta, ɗaya sai ya fashe.

Malamar Aji Uku: Bari in faɗi gaskiya ko da ni za ta taɓa. A makarantun kuɗi da yawa ba a biyan malami albashin Agusta, lesin ɗin nan shi ne cefanenmu. Don haka ba za ki taɓa jin malami ya ce kada ki kawo ba. Amma tsakani da Allah, yaro iri ɗaya lesin yake yi wa amfani, wanda aka ciyar gaba alhali bai iya haɗa baƙi ba. Ki gwada su yau da daddare. Ki buɗe shafin da ba su taɓa gani ba, kowa ya karanta miki da ƙarfi, sannan ki rufe littafin ki ce ya ba ki labarin abin da ya karanta. Wanda yake tuntuɓe a kowane layi yana buƙatar malami, kuma shi kaɗai, ba cikin yara 40 ba. Wanda ya wuce sumul ki ƙyale shi.

Baban Auta: Malama yau kin tona asirin 'yan uwanki 😂

Tsohon Hedimasta: Salamu alaikum. Shekara 35 na yi da alli a hannu, bari in sa baki. Yaranmu ba aji ne ya yi musu kaɗan ba. Daga boko zuwa Islamiyya zuwa hadda, yaro yana gaban malami tun safe har magariba. Abin da bai samu ba shi ne littafin da zai ɗauka don daɗinsa, ba don jarrabawa ba. Na sha tambayar ɗan aji 6, wane littafi ka taɓa karantawa daga bango zuwa bango? Sai ya sunkuyar da kai yana wasa da maɓallin riga.

Mu Magana Jari Ce ne ya sake mana baki. Alhaji Abubakar Imam ya rubuta shi a ƙarshen shekarun 1930, littafi uku ne, kuma har gobe ana samunsa wajen masu sayar da littattafai. Ku lura da wani abin dariya. A littafi na ɗaya, ɗan sarki ne yake ta zumuɗin fita, aku yana tsare shi a gida da labari bayan labari. Wato dai damuwar Maman 'Yan Biyu ce, tun fiye da shekara 80.

Ga yadda nake yi da jikokina. Bayan isha'i, labari ɗaya. Ni nake farawa, in na zo daidai inda ya ɗauki daɗi sai in cire tabarau in ce idona ya gaji. Da kansu suke wawurar littafin. Kwana goma ana haka, na tarar da ƙaramar a bayan ƙyaure da tocila ta wuce mu da labari uku.

Injiniya: Ranka ya daɗe, da girmamawa. WAEC da NECO da JAMB duk da Turanci ake yin su. Yaron da Turancinsa yake ɗingishi, in ya samu sati shida ai Turanci ya kamata a ɗura masa. Hausa dai a gida yake jin ta kullum, ba za ta gudu ba.

Tsohon Hedimasta: Injiniya, jin Hausa daban, karanta ta daban. Kuma ni ba Hausa nake so in koya masa ba, zama da littafi nake so ya koya. Ka ba yaro shafin Turanci da bai san rabin kalmominsa ba, aiki biyu ka ɗora masa, ga haɗa baƙi ga neman ma'ana, kafin ya kai ƙarshen shafi ya tsani abin. Ka ba shi wanda yake ganewa, ya yi dariya, ya matsu ya ji ƙarshe, to ya kamu. Wanda ya kamu, gobe ko da wane harshe ka miƙa masa zai buɗe. Ɗaliban da suka fi ba ni mamaki a Turanci, yawancinsu waɗanda nake ƙwace wa littafin Hausa a ƙarƙashin tebur ne.

Injiniya: Wannan ƙwarewarka ce Baba, ba zan ja ba. Amma ni nawa rabi da rabi za a yi.

Malamar Aji Uku: Rabi da rabin ma ya yi. Sai dai na Turancin ku sayi wanda ya yi ƙasa da ajin yaron da mataki ɗaya, mai hotuna. A wajen masu gwanjon littattafai ana samu da araha. Iyaye suna son sayen mai kauri don a ga ɗansu ya yi nisa, ƙarshenta a dafe murfin tukunya da shi.

Ɗan Damagaram: Sallama gare ku 'yan uwa. Ku kuna kukan sati shida, mu nan Nijar vakans ɗinmu tun ƙarshen Yuni har farkon Oktoba, wata uku cur. Maganar Malam Hedimasta na gan ta da idona. Ɗiyata 'yar lakwal ce, Faransanci take karantawa tiryan-tiryan, amma ran da na miƙa mata rubutun Hausa sai ta tsaya tana kallon ƙ da ɗ da ɓ kamar baƙi. Sati guda muka yi ta gane su. Har ta gano da kanta cewa abin da ku kuke rubutawa 'y, mu nan ƴ muke sa masa. Yanzu ita ke karanta wa kakarta saƙon waya, tsohuwa na ta sa mata albarka.

Hajiya Babba: Ku kuna neman yadda za su yi karatu, ni neman yadda za ta daina nake. Jikata ta gama SS3, tana jiran sakamako. Dare da rana tana maƙale da waya, wai nobel take karantawa, shafi-shafi ake turo musu a WhatsApp har da biyan kuɗi. Rannan na ce karanta min in ji, sai ta fara in'ina tana tsallake layi. Daga nan na san akwai magana.

Ɗalibar Jami'a: Hajiya ina wuni. Ku yi haƙuri in sa baki cikin manya. Ni ma ta nan na bi, kuma ba zan ɓoye ba, akwai waɗanda bai kamata yarinya ta gani ba, masu rubuta su ma ɓoye sunansu suke yi. Amma akwai masu kyau sosai, a kan zaman gidan miji, kishi, rabon gado, yarinyar da aka cire daga makaranta. In kika ƙwace wayar, ta ƙawarta za ta ara. Abin da Ummanmu ta yi min ya fi aiki. Ta ce duk wanda zan karanta in tura mata ita ma. Sai muka koma muna musu a kicin kan wace ce mai gaskiya tsakanin uwargida da amarya. Kunya kaɗai ta sa na daina buɗe wasu.

Kuma wadda ta iya cinye shafi 300 a waya ba ƙyuyar karatu gare ta ba. A ba ta Shaihu Umar, siriri ne, wuni ɗaya ta gama. Cikin littattafan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 yake, tare da su Ruwan Bagaja, kuma wanda ya rubuta shi, Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ne ya zama Firayim Minista daga baya. Ni sai da na shiga jami'a na san haka, na ji haushin kaina.

Hajiya Babba: 'Yar nan Allah ya yi miki albarka. Amma ni idona ba ya ganin rubutun waya. Sai dai in sa uwarta.

Baban Auta: To maganar kallo fa? Nawa in dai akwai wuta, daga katun sai fassarar Indiya. Autana ɗan shekara 6 rannan ya kalli yayansa ya ce masa zai ɗauki fansa. Fansa! A kan ƙosai.

Maman 'Yan Biyu: 😂😂 Wallahi gidana ma haka. Ni har addu'a nake a ɗauke wuta.

Malamin Kimiyya: Kallo ba zai hanu ba, sai dai a zauna tare. Ni sharaɗina biyu: a falo ake kallo, ba a ɗaki ba, kuma duk abin da aka kalla sai an ba ni labarinsa wajen cin tuwo. Wata dabara kuma, ku sauke shirin namun daji ko na yadda ake ƙera abubuwa daga YouTube da daddare lokacin da data take araha, ku kashe sautin, yaro ya zama shi ne mai bayani. Za ku sha dariya, kuma za ku ji iya kalmomin da yake da su.

Akwai kallon da ba ya cin ko sisi. Daren 12 da 13 ga Agusta kowace shekara ana zubar taurari. Duniya ce take ratsa ƙurar da wata tauraruwa mai wutsiya, Swift-Tuttle, ta bari a hanya, ƙwayoyin ƙurar suna shigowa iska da gudu suna ƙonewa. Bayan tsakar dare ya fi, a fuskanci arewa maso gabas. Matsalar ɗaya hadari, tunda tsakiyar damina ne. In Allah ya sa gari ya washe kuma aka yi sa'a babu wuta a unguwa, ku shimfiɗa tabarma a tsakar gida.

Hajiya Babba: Malam, tsakar dare a tsakar gida a watan Agusta? Kai da sauro kun yi yarjejeniya ke nan.

Admin: Jama'a a tuna mai tambaya ta ce har da inda za a kai su. Mu koma can.

'Yar Cikin Gari: Ni kunya ma nake ji in faɗa. A cikin badalar Kano aka haife ni, kullum ina hango Dala daga soronmu, amma ban taɓa hawa ba sai da dangin mijina suka zo daga Legas suka ce a raka su. Baƙi ne suka kai ni gidanmu. Da muka hau, yarana suka ga gari shimfiɗe, ga Gwauron Dutse can, ga hasumiyoyin Babban Masallaci, sai tambayoyi suka ɓarke. Wane ne Barbushe, me ya sa mutanen farko suka zauna a nan. Rabin amsar ban sani ba, sai da muka dawo muka tambayi kakansu, shi kuwa kamar jira yake, har sha ɗaya na dare yana zuba.

Maman 'Yan Biyu, wuni ɗaya ya ishe ki ki haɗa uku. Ki fara da Gidan Makama da safe, kusa da fada. Ginin tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ne, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da hotunan zuwan Turawa a 1903. Daga nan ki gangara marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498. In da sauran ƙarfi ki shiga Kurmi layin dukawa su ga yadda ake ɗinka fata. Dala ki ware mata ranarta daban, da sassafe, kuma ba ranar da aka kwana ana ruwa ba.

Bazazzagi: Kanawa ke nan, ko yawon yara ne sai an ƙare a kasuwa. Ku kawo su Zariya su ga ilmi. Ga Kufena, ga ganuwa, ga tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina da ƙasa tun ƙarni na 19, har yau masu karatun zanen gini suna zuwa kallon bakan gizonsa. Ku zaga da su cikin ABU su ga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ko daga waje ne, yaro ya san akwai gini guda da ba a ajiye komai a ciki sai littafi.

'Yar Cikin Gari: Mun ji, Malam. Mu zo da abincinmu ko za a samu a can? 😏

Injiniya: Ni Yankari na so kai su bana. Ruwan Wikki kaɗai ya isa dalili, ɗumi gare shi dare da rana, wajen digiri 31, garau kana hango yashin ƙasa.

Kawu Direba: Injiniya ka bari sai rani. Shekara 20 ina kan hanya, na kai mutane can ba sau ɗaya ba. Da damina ciyawa ta fi mota tsawo, dabbobi sun bazu cikin daji tunda ko'ina akwai ruwa, sai ku wuni ba ku ga komai ba sai gwaggon biri, shi kuma burodinku yake hari. Daga Disamba zuwa Afrilu ne suke taruwa bakin kogi. Sannan kowace tafiya ce, a tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a satin, a fita bayan gari ya waye, a sauka kafin la'asar. Da yara ba a tafiyar dare yanzu.

Wani abu kuma, ku tabbatar wuri a buɗe yake kafin ku ɗebi yara. Na taɓa kai 'yan makaranta mota guda wani gidan tarihi a wata jiha, muka tarar mai makulli ya tafi ɗaurin aure. A gindin bishiya suka ci shinkafarsu muka juyo.

Amma ni in za a bi tawa, a kai su ƙauye. Ɗan ƙanwata ɗan JS3 ne, ya ci Agric da maki mai kyau, na tsaya da shi a bakin gona na ce nuna min gero nuna min dawa, ya kasa. Sati biyu ya yi wajen kakarsa, ya dawo ya yi baƙi, tafin hannu duk kanta, amma ya san huɗa, ya san maimai, ya ci tumu gasasshe, har yana gaya min wace akuya ce ta kusa haihuwa.

Anti Nas: Duk na yarda, amma ga nawa gargaɗin, don mu muke karɓarsu a asibiti. Kududdufi. Duk damina sai an kawo mana yaro daga kududdufi ko ramin da aka haƙi ƙasar gini, wani a ci sa'a wani a'a, kuma yawanci lokacin hutu ne da rana tsaka. Ku gaya wa yara ƙarara, ku gaya wa wanda za ku bar su a hannunsa. Na biyu gidan sauro, ko ƙauye za su a sa musu a jaka. Masu 'yan ƙasa da shekara 5, in masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na wata-wata suka zo, a karɓa kuma a cika kwana ukun. In za a fita yawo a tafi da ruwan sha daga gida, lokacin amai da gudawa ne.

Hajiya Babba: Allah ya tsare mana zuri'a. Ni dai na yanke, jikata za ta fara zuwa wajen tela da safe. Yayanta ma da ya gama sakandare Farm Centre aka kai shi koyon gyaran waya, yanzu a jami'a da shi yake sayen handaut.

Baban Auta: Duk kun yi magana mai kyau, amma ku faɗi gaskiya, duk abin nan lokaci yake ci. Ni ina fita 7 in dawo 8, uwarsu ma tana aiki. Wa zai cire tabarau ya ce idonsa ya gaji? Lesin dai.

Tsohon Hedimasta: Ba laifi Alhaji, kowa ya san gidansa. Minti 15 ne dai bayan isha'i. In ya gagara, ranar Lahadi.

Maman 'Yan Biyu: Salam iyaye, na dawo da rahoto bayan sati biyu. Na yi gwajin Malama. Yayarsu da Hassan sun wuce, Husaini ne ya tsaya, ashe duk shekarar nan haddace shafi yake yi yana bin bakin ɗan uwansa. Ban biya lesin ba, na samu wata malama a layinmu tana zama da shi shi kaɗai awa ɗaya, kwana uku a sati.

Jiya muka je Gidan Makama da marina. Kurmi ba mu samu shiga ba, hadari ya taso. A marina muka daɗe. Ramuka ne birjik a ƙasa kamar bakin rijiya, da yawa sun daina aiki. Wani dattijo yana zaune a bakin nasa da safar roba har gwiwar hannu, ya ce baba da toka da kanwa ake zubawa, a bar shi ya yi makonni yana tsima kafin a fara rini. Warin wajen sai da yayarsu ta toshe hanci da hijabi. Ya tsoma farin ƙyalle ya ɗago, sai ga shi kore-kore, muna tsaye muna kallo ya rikiɗe ya koma shuɗi a hannunsa. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, kowane karo yana ƙara duhu. Can gefe masu bugu suna ta dukan shadda da taɓarya a kan gungume, Hassan ya ce a ba shi ya gwada, ɗagawa biyu ya ajiye.

Husaini da ba ya magana a aji, shi ya tsare dattijon da tambaya, me ya sa kore ya zama shuɗi ba a ƙara komai ba. Dattijo ya ce iska ce take sha. Bai gamsu ba, ya ce in tambayi malamin cikin wayata.

Malamin Kimiyya: Ki ce masa dattijo ya yi daidai. A cikin ramin, tsimin ya canza baban ya zama mai narkewa a ruwa, shi ya sa yake shiga zare. Da an ɗago, iskar oksijin ta taɓa shi sai ya koma shuɗinsa na asali, wanda ba ya narkewa, ya maƙale a cikin zaren. Shi ya sa ake ta tsomawa ana ɗagowa. Ki ce ya yanka gauta ko dankalin Turawa ya ajiye minti goma ya zo ya gaya min abin da ya gani.

Maman 'Yan Biyu: Ya tafi kicin da gudu. Allah ya sa dankalin miyar dare ya tsira.

Baban Auta: Hajiya, nawa mai adaidaita ya caje ku daga Gidan Makama zuwa marinar? Kuma suna buɗewa ranar Asabar? Nawa sai 1 suke tashi daga lesin.

'Yar Cikin Gari: Alhaji ai da ƙafa ma za ku iya. Ka sa musu tsofaffin kaya dai, don sai sun taɓa.